Ranar Litinin Ka Raka Ramatu Awo

Harobanda, Juma'a bayan La'asar

Zuwa ga Mushe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan takardar nan ta same ku lafiya, kai da matarka, ɗiyata Ramatu. Yaya baƙunta a sabon gida, yaya fama da yaran mutane a lakwal, makarantar bokon nan taku? Allah ya sa kun shiga gidan nan a sa'a, ya tsare ku daga sharrin da ke cikinsa da na wajensa, ya haɗa ku da maƙwabta na kirki. Gwaggonka Abu tana lafiya. Ba ta san ina rubuta wannan ba, kuma ba sai ta sani ba.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga wurina. Kogi kaɗai ke tsakanin Harobanda da Dar es Salam, hanyar da taksina ke bi sau goma a wuni, ga wayar salula a aljihun kowa. To amma kai ɗan fari ne, ka kuma san yadda muke. Tun kana rarrafe ban taɓa kiran sunanka ba. Ba mu taɓa zama mun yi hirar minti goma ba tare da ɗayanmu yana kallon ƙasa ba. Ranar da ka zama malamin lakwal ni na fi kowa samun sauƙi, don na samu abin kiran ka, na bi sahun yaran unguwa ina ce maka Mushe, yadda suke kiran malami da faransanci. Abin da ke raina yau bakina ba zai iya faɗarsa a gabanka ba, shi ya sa na ɗauko biro. Rubutun na ajin yaƙi da jahilci ne, kada ka ɗauko jan bik ɗinka ka hau gyara, ka karanta kawai.

Zan fara da kuskurena na kwanan nan, don shi ne ya hana ni sukuni. Ranar da kuka tashi daga gidan nan, sati uku ke nan, muna ɗaura katifa bisa mota, ƴan fadar ƙofar gida suna zaune suna shan shayi. Ka ce wai sajfam, wato ungozomar matarnite, asibitin haihuwa, tana tara masu cikin fari duk Alhamis tana koya musu abin da ke gabansu, wai kuma ta ce mazan su riƙa zuwa. Ba ni ka gaya ma ba, igiyar da ke hannunka ka gaya ma, yadda muka saba. Tela Isufu ya kwashe da dariya, ni kuma don kada a bar ni a baya na ce ai sai a ɗinka maka zane da kallabi ka tafi. Kowa ya yi dariya. Ka ja igiyar ka ƙulle, ka ce kai ma dama ba ka yi niyyar zuwa ba. Sai da motar ta sha kwana na gane ba labari kake ba mu ba, izini kake nema, ni kuma na mayar da kai abin dariya a gaban mutane. Na yi kuskure, ka yafe mini.

A ranar nan kuma na ga wani abu. Ramatu ta fito za ta shiga mota sanye da silifas ɗinka, don nata sun daina shigarta. Gwaggonka ta dubi ƙafafun ta yi guɗa, ta ce wannan kumburi na ɗa namiji ne, ƙato kuwa. Na taɓa jin maganar nan daga bakin nan, a tsakar gidan nan, shekara talatin da ɗoriya da suka wuce, kuma a kan mahaifiyarka aka yi ta.

An gaya maka Sa'ade ta rasu kwana biyu bayan haihuwarka. Gaskiya ne. An gaya maka kwananta ne ya ƙare, wannan ma gaskiya ne, ba na jayayya da hukuncin Ubangiji. Amma akwai wata uku kafin ranar da ba wanda ya taɓa ba ka labarinsu, don ni kaɗai na san su duka, kuma ba su yi mini kyau ba.

Mahaifiyarka mace ce mai fara'a da surutu. Daga Maradi na kawo ta, amma kafin shekara ta fi ni jin Zabarmanci, ita ke yi mini ciniki a kasuwa. Da ta samu cikinka sai surutun ya ragu, kunya ta rufe mu duka biyu. Ciki na fari, a wurinmu ba a maganarsa. Tana gani, ina gani, kowa yana gani, amma har ta bar duniya kalmar ciki ba ta taɓa shiga tsakanina da ita ba. In na so tambayar lafiyarta sai in ce yaya aikin gida, ta ce da godiya, shi ke nan an gama.

Sau ɗaya na kai ta awo, cikin yana wata shida. Ban ma tsaya a ƙofar matarnite ba, can nesa na faka ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro, don kada abokan aikina su gan ni. Ni da nake ɗauko matan mutane ina kai su har bakin ƙofar nan, har in riƙe musu kwando, tawa na bar ta ta taka da ƙafa. Da ta fito ta shiga baya, riƙe da karne, ɗan littafin nan da suke rubuta awo a ciki. Muna tafe ta fara magana a hankali, wai sun ce ta dawo bayan sati biyu, wai sun ce wani abu game da tansiyo. Kunya ta kama ni, na miƙa hannu na ƙara muryar rediyo. Ta bar maganar. Da muka iso gida ta miƙo mini karnen ta ce in samu mai jin faransanci ya karanta mini, na jefa shi cikin akwatin gaban mota tare da sifanoni. Da sati biyun suka cika ta tuna mini sau ɗaya, na ce yau ranar aiki ce, a bari sai wani satin. Ba ta ƙara tambaya ba, ni kuma na ji daɗin da ba ta ƙara ba.

Saboda haka, Mushe, ka shiga ciki. Kada ka aje ta a bakin titi ka ce za ka dawo. Ka zauna inda aka ce ka zauna, ka ji da kunnenka. Kai Allah ya ba ka faransanci, kana koyar da shi ma, ka buɗe karnen Ramatu ka karanta shi shafi shafi kamar yadda kake duba littafin yaranka. Abin da ba ka gane ba ka tambaya, ko da za a ce malamin lakwal bai sani ba. In ta fara magana kuma, ka kashe duk abin da ke ƙara a ɗakin.

Kuskurena na biyu ya fi na farko muni, don wannan da idona na gani. Ƙafafunta suka kumbura, sannan hannuwa, har zoben azurfar da na sayo mata sai da aka sa sabulu kafin ya fita. Daga baya fuska ta bi, idanun suka ƙanƙance, in ta tashi da safe kamar ba ita ba. Yayata Abu, gwaggonka, ita ce babbar mace a gidan, ta haifi biyar, ta ce namiji ne, kuma namiji haka yake wahalar da uwa. Ni kuwa sai murna. Na je na sayo rago tun ba a haihu ba, na ɗaure shi a zaure ina kiwo, ina yi wa direbobi alfahari. Ragon nan na san abin da yake ci safe da yamma, na san ranar da ya yi zawo. Matata ban san abin da ke damunta ba.

Kwana tara kafin ranar na lura tana ɗaure kanta da kallabi tamau, har jijiya ta fito a goshi. Wata rana na dawo cin abincin rana na tarar tana laluben ludayi, alhali ga shi a gabanta. Ta yi ƴar dariya ta ce wasu ƙananan abubuwa ne ke yawo a idonta kamar ƙudaje masu walƙiya. Miyar ranar ba gishiri, na yi faɗa a kan gishirin. Ka ji abin da ubanka ya yi. Wani yammaci kuma na same ta ta dafe ƙasan haƙarƙarinta na dama ta jingina da bango. Nan dai na daure na ce lafiya? Ta ce ba komai. Na karɓi ba komai ɗin nan hannu biyu na fita masallaci, don shi nake so in ji.

Ka sani, matanmu da haka aka raine su. An gaya musu mace ta kirki ba ta raki, mai cikin fari ba ta kuka, wadda ta ce wayyo a naƙuda za a yi ta yi mata gori har ta tsufa. Ramatu ta yi lakwal, amma ita ma a hannun uwa da kaka ta tashi. In ka tambaye ta za ta ce ba komai. Kada ka tashi. Ka sake tambaya, ka kira abin da sunansa. Ka ce kanki yana ciwo? Idonki yana gani sosai? Yaron ya motsa yau? Na san nauyin da za ka ji a bakinka, ni ma yanzu da nake rubutawa gumi nake. Nauyin na minti ɗaya ne, ka daure masa. Kuma ka riƙa duban fuskarta da safe da kyau, ba kallon mai saurin fita aiki ba.

Yanzu ranar. Laraba ce, da hantsi. Na saba biyowa gida in sha fura in koma, ina shan kwanar layinmu na ga hayaƙi yana tashi daga tsakar gida da mata a ƙofa. Na tarar da Sa'ade kwance bisa tabarma kusa da turmi, jikinta yana karkarwa, idanu sun juye, kumfa da jini a bakinta. An kawo kasko an zuba turare ana kara mata a hanci. Gwaggonka ta ce iska ce, don shekaranjiya ta je wanki bakin kogi da tsakar rana. Wata ta miƙo mini cokali ta ce in danna mata a baki kada ta haɗiye harshe, na danna. Da jikin ya lafa aka ce in yi maza in ɗauko wani malami a Lamorde da ya san aikin iska.

Mushe, mota tana ƙofar gida, da mai a cikinta, ni ne direba. Na san hanyar kowace matarnite a garin nan ko an rufe mini ido. Na shiga motar nan ni kaɗai, na bar matata a ƙasa, na nufi Lamorde. Malamin ba ya gida, ya je jana'iza, na zauna a ƙofarsa ina jira. Sai wajen Azahar muka iso tare. Allah ya jiƙan bawan Allah nan, ko zama bai yi ba. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "Wannan ba aikina ba ne. Ɗauke ta ku tafi likita yanzu, addu'ar na yi ta a mota."

Lokacin gada ɗaya ce a kan kogin. Muka tarar da raƙuma ɗauke da itace da amalanken jakai sun cika ta, ga wata babbar mota ta mutu a tsakiya. Ina danna oda, ina zagi, ina roƙo. A kan gadar nan abin ya sake taso mata, kanta bisa cinyar gwaggonka, ina kallo ta madubi ba abin da zan iya. Har yau in na hau gadar nan da fasinja ba na duba madubin ciki.

A matarnite suka karɓe ta da gudu. Wata sajfam ta fito ta tsare ni da tambaya: tun yaushe take ciwon kai, tun yaushe fuskar ta kumbura, sau nawa ta faɗi, ina karnenta. Ban san ko ɗaya ba, sai a tambayar ƙarshe na tuna da karnen. Na je mota na tono shi daga ƙarƙashin sifanoni, duk ya sha baƙin mai. Ta buɗe, ta sa yatsa a kan wani layi da aka ja wa jan biro sau biyu, ta ɗago ta dube ni. Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Aka ce a nemo jini, ban shirya kowa ba, na shiga gari ina bin direbobi ɗaya ɗaya a tasha. Aka yi mata aiki aka ciro ka da rai. Ita ba ta ƙara buɗe ido ta san wanda ke kanta ba, ranar Juma'a da safe ta cika. Ragon nan shi aka yanka ranar sunanka, ban iya cin naman ba.

Ba ina ce maka ka bar addu'a ba ne, Allah ya kiyaye. Ka yi ta safe da yamma, ka sa a yi muku. Amma in wani abu ya faru, a yi ta a hanya, mota tana tafiya. Kada ka tsaya shawara da kowa, kada ka jira a kira wani babba, kada ka jira ni. In mata suka taru kowace tana faɗin nata, ka ɗauki matarka ka ratsa su ka wuce, ka ba su haƙuri daga baya.

To, bari in gaya maka abin da na yi jiya Alhamis, don kada ka ji a bakin wani. Tun ranar da kuka tashi abin nan yake cin raina, na rasa wanda zan gaya ma. Na taɓa jin Ramatu tana faɗa ma gwaggonka matarniten da take zuwa. Jiya da safe na sauke wani fasinja a unguwarku, sai na ga hannuna ya juya sitiyari can. Na ce zan leƙa kawai in ga ko mashin ɗinka yana ƙofa. Ba ya nan. Sai na farga na faka nesa da ƙofar, ƙarƙashin inuwa, daidai yadda na yi wancan karon. Haushin kaina ya kama ni, na ce kai tsohon banza, har yanzu? Na kulle mota na shiga.

Wata rumfa ce a bayan ɗakin awo, da bencuna, mata sun kai ashirin. Maza uku ne, sun maƙale a ƙarshen benci kowa ya sunkuya a kan salularsa kamar an kawo su gaban alƙali. Ina shiga da furfurata wata ta ce da Zabarmanci, Baba, naka wata nawa ne? Rumfar ta ɗauki dariya. Sajfam ɗin wata gajeriya ce mai gilashi, suna ce mata Madam, tana magana da Hausa ta juya da Zabarmanci. Ta tambaye ni wa nake nema, na ce koyo na zo. Ta ɗan dube ni, ta ce a matsa wa Baba. Can a layi na biyu na hango Ramatu, ita ma ta gan ni, ta ja mayafi ta rufe fuska. Gefenta ba kowa, jakarta ce a wurin.

Madam ta ɗauko wata ƴar tsana ta tsumma ta nuna yadda yaro ke juyowa ya sauko. Ta koya musu yadda za su ja numfashi in ciwon ya taso, ta sa mazan nan uku su ma su yi, har ni sai da na ja. Ta faɗi abin da za a haɗa a jaka tun yanzu a aje bakin ƙofa. Duk wannan da dariya aka yi shi. Sannan ta ɗauko wani kwali mai zane-zane, ta daina murmushi, ta ce ga abubuwan da in mai ciki ta ga ko ɗaya ba a kwana da shi a gida. Ciwon kai mai tsanani da ba ya sauka. Gani dishi-dishi ko walƙiya a ido. Kumburin fuska da hannuwa. Ciwo a ƙasan haƙarƙari. Ta ci gaba, zubar jini, zazzaɓi, fashewar ruwa, yaro ya daina motsi, amma ni a na huɗun na tsaya, don yatsu huɗu na lanƙwasa a cikin aljihu kuma duka huɗun na gan su a gidana. Ta ce hawan jini ne na masu ciki, wato tansiyon nan, ya fi kama masu cikin fari, kuma in an gano shi da wuri akwai abin da ake yi. Ta ce in har mace ta faɗi tana karkarwa, a kwantar da ita ta gefe, kada a yi mata hayaƙi, kada a sa mata komai a baki, a kawo ta nan take.

Shekara talatin da ɗoriya ban san sunan abin ba, sai jiya, a kan bencin mata. Ban san hawaye na zuba ba sai da wadda ta tsokane ni ɗazu ta miƙo mini ledar ruwa.

Kafin a tashi Madam ta bi su ɗaya ɗaya tana tambaya, wa zai kawo ki in abin ya tashi, wa zai ba ki jini in an nema. Da ta zo kan Ramatu, ta ce mai gidanta. Aka ce yana ina, ta ce yana wurin aiki. Ba ta ce ubansa ne ya hana shi da dariya ba, amma ni da ke zaune a baya na sani.

Daga nan suka shiga awo, na jira a waje don in mayar da ita gida. Da ta fito ta durƙusa ta gaishe ni, Madam ta gani ta taga, ta yafito ni ta tambaya ko ni wane ne a wurinta. Na ce surukinta. Ta ce to madalla, tunda ga namiji daga gidan, ga saƙo. Tansiyon Ramatu ya ɗan hau, bai kai na tashin hankali ba tukuna, amma ba ta son yadda hannuwanta suka fara cika. Tana son ganinta ranar Litinin da safe a sake aunawa, kuma tare da mijinta, don akwai abin da za ta nuna maka ka riƙa lura da shi a gida. In kuwa kafin Litinin ta ji ciwon kai ko idonta ya yi wani iri, ba jiran Litinin, a kawo ta a lokacin.

Muka taho a mota, ita tana baya ta rufe fuska, ni ina kallon hanya. Rediyon a kashe yake. Sai da na tsaya a ƙofarku, ta sa ƙafa ɗaya a ƙasa, sannan ta ce, "Baba, don Allah kada ka tayar masa da hankali, yaransa suna jarrabawa satin nan. Ni ba abin da nake ji."

Ban yi mata alkawari ba, don na san ba zan riƙe wannan amanar ba. Ina da yaƙinin har yanzu ba ta gaya maka ba, ko ta gaya maka rabi tana dariya. Kada ka yi mata faɗa a kan haka, tausayinka ne ya sa. Ka ce mata ni na tona, ta yi fushi da ni, na ɗauka.

Ga abin da nake so ka yi, ba shawara ba ce, umurnin uba ne, kuma ka san ban cika ba ka umurni ba. Gobe ka je wurin diraktan lakwal ɗinku, ko a gidansa ne, ka ce Litinin da safe ba ka nan, wani ya tsare maka ajin. In ya tambayi dalili ka gaya masa gaskiya, shi ma mace ta haife shi. Bayan Litinin, duk Alhamis ka je ka zauna a rumfar nan, ka ɗauke jakar daga kan bencin ka zauna a wurin. Ka karɓi lambar Madam. Mace mai wata takwas ba a ɗora ta bisa mashin in abu ya taso, saboda haka ka nemi maƙwabci mai mota tun yau ka gaishe shi, ka gaya masa, don ni kogi yana tsakaninmu kuma na san halin gada. Batun jini, ka je a auna naka, ka yi wa abokanka biyu magana. Ni na tambaya jiya, Madam ta ce shekaruna sun wuce.

Ƴan fada za su yi dariya, ka bar su su yi. Tela Isufu ni zan ji da shi. Gwaggonka kuma kada ka ɗaga mata murya ko sau ɗaya. Abin da ta sani ta faɗa, ita ma haka aka gaya mata, kuma ita ta goya ka a bayanta shekara biyu, ta yi kukan Sa'ade fiye da yadda na yi a fili. In ta ce namiji ne ka ce Allah ya sa, in ta aiko da jiƙo ko kunun kanwa ka karɓa ka yi godiya, ka aje, ka tambayi Madam kafin Ramatu ta kai baki.

Mai yiwuwa ranar Litinin a auna a ce ba komai, ku dawo kuna yi wa tsoho dariya. Wallahi ba abin da nake roƙo kamar wannan dariyar. Amma tsoro nake ji, Mushe, tsoro irin wanda ban taɓa gaya ma kowa ba. Ni suruki ne, ba ni da bakin da zan tambayi yarinyar nan kanta ko cikinta. Uwarta tana nesa. Kai kaɗai ne kake kwana ka tashi da ita. In ka gama karanta takardar nan kada ka ninke ta ka ce sai an jima, ka shiga wurinta ka kama hannunta ka duba, ka yi mata tambayoyin nan.

Ban koya maka abubuwa da yawa ba a rayuwa. Tuƙi ne, da canza taya, da tashi sallar Asuba. Akwai wani abu guda da na iya sosai, har na fi mata da yawa: yadda ake dama madarar gwangwani a ɗura wa jaririn kwana uku da ƙaramin cokali ba tare da ya shaƙe ba. A kanka na koya. Ina roƙon Allah da sunayensa kyawawa kada ya kawo ranar da zan koya maka shi.

Allah ya sauki Ramatu lafiya, ya ba ta abin da ke cikinta tana ji tana gani, ya sa ita za ta shayar da shi ta yaye shi da hannunta. Allah ya tsare fitarku da shigarku, ya buɗe muku hanya ranar da kuke bukatar ta. Allah ya jiƙan Sa'ade, ya yafe mini. Ya yi maka albarka.

Ni ne mahaifinka.